Kunnuwan Shagwaɓa

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan Magariba

Sun tafi. Ƙanena Sharfaddeen da matarsa Hidaya, a motar farko daga Ajingi zuwa Kano. Takalminsa ya ƙi shiga ƙafarsa, da silifas ɗin Kawu Bubayero ya tafi. Ya ce gwaji ne kawai, kwana biyu zai dawo. Na ce to.

Abin da ya bar min shi ya hana ni zama. Duk faɗin Toranke ya rasa wanda zai ba amanar karyarsa sai ni Karimatu, ni da ko inuwar kare ba na so ta taɓa min zane. Daga Jos ya taho da ita, inda ya yi aiki a gonar wani Bature. Wai irinta sifaniyal ake ce musu, karnukan farautar tsuntsaye ne. Gajeriya ce, fara da dabbare-dabbaren ruwan hanta, ga gashi buzu-buzu har a ƙafafu, ga kunnuwa zalo-zalo kamar an rataya mata tsumma a kowane gefe. Sunanta ma abin haushi, wai Shagwaɓa.

Yana jingine da bango yana numfashi sama-sama, amma bai fasa yi min karatu ba.

"Yaya, kada ki ɗaure ta ita kaɗai, ba ta iya kaɗaici. Ki fita da ita ta yi gudu da safe kafin rana ta yi zafi. Kada ki daka mata tsawa, zuciyarta ba ta da ƙarfi. Kunnuwan nan kuma kullum a taje su, in sun jiƙe a goge."

Na ce, "Sharfu, amarya ka bar min ko karya?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ki riƙe min ita dai in dawo in same ta." Na ce zai same ta, in sha Allahu. Na faɗa da bakina, Kawu yana ji.

Laraba, 8 ga Oktoba, da hantsi

Wannan ba karya ba ce, ƙarfen ƙafa ce. In na shiga madafa tana baya, in na zaga bayi tana bakin ƙofa tana jira, in na tayar da sallah sai ta kwanta nesa da darduma ta zuba min ido. Jelar nan tata guntuwa ba ta hutawa. Jiya na tafi makaranta na bar ta a turke, ashe tun fitata take kuka har na dawo. Kawu ya tare ni a soro ya ce, "Ke 'yar nan, ko ki san yadda za ki yi da ita, ko ni in san yadda zan yi." Yau na bar mata tsohuwar rigar Sharfu, ta kwanta a kai ta yi shiru.

Leda nake sawa a hannu in zan taje ta. Kowa ya ga dama ya yi dariya.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan Azahar

Hidaya ta kira. Sun ba shi gado. Ta faɗi sunan abin, ba zan rubuta ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da La'asar

Na tafi da Shagwaɓa gonar Kawu, ana cirar gyaɗa. Ikon Allah! Ina kwance igiyar sai ta zama wata daban. Ta kafa hanci a ƙasa, ta yi dama, ta yi hagu, ta dawo, ba ta yin nisa da ni, kuma kowane juyi sai ta waiwayo ta ga ko ina nan. Can ta kutsa cikin wata ciyawa a bakin gona, sai ga fakara firr, biyu a jere. Masu aiki suka saki gyaɗa suna ihu. Ita kuwa ta zauna tana kallona, wai jira take in harbo. Na ce, "Ke dai kin yi asarar mai gida, ni alli na iya riƙewa."

Amma ta kwaso min aiki. Ƙarangiya ta nuna, kuma gashin nan ba abin da ba ya kamawa. Ƙirji, ciki, tsakanin yatsu, kunnuwan kuwa sun dunƙule kamar dambu. Daga La'asar nake tsinta har hannuna ya yi jini duk da ledar. Ta kwanta lamo ba ta ko motsi. Na cire duk wadda idona ya gani.

Sharfu ya kira da kansa. Muryarsa ta yi ƙasa. Bai tambayi Kawu ba, bai tambayi gona ba, sai "Ina Shagwaɓa?" Na ba shi labarin fakara. Ya ce in an gama kaka zai kai ni fadama in ga yadda take ɗauko tsuntsu daga cikin ruwa. Na ce Allah ya kai mu.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Ta shigo da ɗan tsakon maƙwabta a baki. Na ce shi ke nan ta ja min faɗa. Ta zo ta ajiye min shi a gaban ƙafa, ya miƙe jiƙe sharkaf da yawu, ya yi ciu-ciu ya ruga. Ko gashi ɗaya bai tsinke ba. Na mayar da shi ta katanga ba wanda ya gani.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan Magariba

Labari mara daɗi daga Balan. Wani baƙon kare ya shiga gari yana dalalar da yawu, ya ciji awaki, ya ciji wata yarinya a ƙafa tana dawowa daga rijiya. An kashe shi, an kai yarinyar asibiti. Yanzu maharba na bin ƙauyuka, duk karen da aka ga alamarsa ba daidai ba, gora.

Kawu ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yana faɗa yana kallon turken. Na yi kamar ban gane ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da asuba

Tana kaɗa kai. Ba irin na wasa ba. Kaf-kaf-kaf, kunnuwan na marin fuskarta, ta tsaya, ta sake.

Alhamis, bayan La'asar

Ba ta ci tuwon ba. Ita da ko ɓawon dankali ya faɗi sai ta rigayi kaji. Na sa mata kan kifi ta shinshina ta juya. Kanta ya ɗan karkace zuwa hagu, tana goga shi a bango.

Ba komai ba ne. Zafi ne. Ranar nan ko mutum ba ya son abinci.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Na mayar da ita ɗakin Sharfu na rufe, na ce wa Kawu saboda maharba ne. Ƙarya nake, saboda shi ne. Kan ya ƙara karkacewa. In ta tashi sai ta yi zagaye kafin ta miƙe hanya. Na kai mataji kusa da kunnen hagu ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ta shige ƙarƙashin gado. Na leƙa da fitilar waya, ban ga komai ba sai duhu da gashi, ga wani wari-wari.

Ina tsoro, wallahi ina tsoro. Ranar da muka je gona ta ɓace min cikin dawa na ɗan lokaci. Me ta gamu da shi a can? Na duba jikinta ban ga cizo ba, amma cikin wannan gashin wa zai rantse?

Hidaya ta ce an sake ɗora shi a injinsu na asibiti, ya fito a galabaice. Na ce ina so in tambaye shi wani abu game da karyar. Ta ce, "Don Allah Yaya Karima, in ba alheri ba ne kada ki faɗa masa. Ita kaɗai yake zance." Da ta miƙa masa wayar na ce lafiyarta ƙalau, ta ci ta ƙoshi.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan Azahar

Lafiyarta ƙalau, ta ci ta ƙoshi. Yau ma haka na ce.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan Magariba

Dole sai na rubuta, in ba haka ba zan fashe.

Kawu ya buɗe ɗakin ina makaranta. Na dawo na tarar da mutane a ƙofar gida, a gabansu Ɗanasabe, Sarkin Bakan garinmu, da gorarsa. Na ratsa su na tsaya a bakin soro, jakar makaranta a kafaɗa.

Ɗanasabe ya ce, "Malama, a fito da ita."

Na ce, "Sai dai a fara da ni."

Kawu ya ce, "Karimatu, ki ji tsoron Allah. Akwai yara a unguwar nan."

Na ce, "Kawu, a gabanka ya ba ni amana."

Ɗanasabe ba mugu ba ne, wannan zan faɗa. Ya jingine gorar ya ce shi ba ya kashe kare da zato. Mahaukacin kare, in ji shi, ba ya haɗa hanya da ruwa, ko gani ya yi sai maƙogwaronsa ya shaƙe. A kai ta kududdufi, ruwa ya yi shari'a.

Muka tafi, ni da igiya, gari na biye. Tana tafe tana tangaɗi, kai a karkace, mata na janye yara. Ni kuwa ba addu'ar da ban yi ba. Muna isa bakin ruwa ta ɗaga hanci. Kafin in kwance igiyar ta fizge, tsundum! Ta yi iyo har tsakiya, ta tarwatsa agwagin mutane, ta sha, ta dawo ta girgije a jikin Ɗanasabe. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Wannan ai ta fi mu hankali." Na zauna a ƙasa.

Da a nan aka tsaya!

Ɗanasabe ya tsuguna yana dubanta, ya ja hanci. Ya ce, "Malama, ga ciwon nan. Kunne ne ya ruɓe. Laifin mai ita ne, wa ya taɓa barin karen farauta da kunne? Mu tun suna 'yan kwikwiyo muke yanke musu, iska ta shiga, ƙaya ba ta kamawa. Bari in rage mata, yanzu ta huta."

Taimako yake nufi, na sani. Haka ya gada, duk karnukansa guntayen kunnuwa ne da su. Na buɗe baki in ce a'a, ya riga ya zaro wuƙa, ya damƙi kunnen hagu ya ja.

Ta yi ƙara ta kafa masa haƙori a wuyan hannu.

Ba wani rauni ba ne, amma jini ya fito, kowa ya gani. Dariyar nan ta ɗauke. Na rungumo ta, ba leda ba komai, na ruga gida da ita tana ɗiga a jikina.

Laraba, 22 ga Oktoba, da La'asar

Ruwan jiya ya ƙara mata. Kunnen ya kumbura, yana fitar da wani abu. Ba ta tashi ba yau sam.

Kawu ya dawo daga wajen mai unguwa. Bai shigo ɗakina ba, daga tsakar gida ya yi magana. An yanke, karyar da ta ciji mutum a irin wannan lokaci ba a barinta. Don darajar mara lafiya an ɗaga zuwa Juma'a, in an sauko daga masallaci za su zo.

Na ce, "In ya dawo me za ka ce masa?"

Ya ce, "Karimatu, ke kina ganin..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ja labule.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan La'asar

Ya kira. Sai na kasa kunne sosai nake jin abin da yake cewa.

"Yaya, sa min ita in ji."

Na ce barci take. Ya ce, "Tashe ta." Na rasa ƙaryar da zan ƙara. Na durƙusa na kai wayar kusa da ita, ya kira sunanta a hankali. Ta ɗaga kai da ƙyar, jelar ta buga ƙasa, ta yi wani siririn kuka.

Sannan ya ce, "Wannan kukan ciwo ne. Tun yaushe?"

Na fashe da kuka, ni babba. Na faɗa masa duka, kaɗa kan, karkacewar, Balan, kududdufi, Ɗanasabe, Juma'a. Ina ji Hidaya na cewa a ba ta wayar, ya hana.

"Kun shiga ƙarangiya?"

"Na cire duka, Sharfu, wallahi na cire."

"Ta waje kika cire. Guda ta gangara ciki. Irinsu haka suke, kunnen ya rufe ramin, abu in ya shiga ba ya fita." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ba hauka ba ne. Ki kai ta Gaya, wajen Malam Kamilu malamin dabbobi. Shi ya yi mata allurar haukan kare da hannunsa, bana. Yaya, kada ki bari."

Na ce ba zan bari ba. Hidaya ta karɓi wayar ta kashe. Tana da gaskiya.

Na je tasha. Direba ya ce ko nawa zan biya ba zai sa kare cikin fasinja ba, balle a wannan makon. Na biyu ma haka. Na sami Maiwada mai acaɓa, mijin ƙawata. Ya ce zai kai ni, amma hanyarmu ta Balan ce, kuma matasa sun sa shinge a bakin gari, ba kare mai wucewa da rai. Ya ce in na sa ta a buhu za su ce a buɗe.

Na ce ya zo da sassafe, sauran nawa ne.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan Magariba

Goya ta na yi.

Na shimfiɗa zane, na ɗora ta a bayana, na ɗaure da majanyi tamau, na tura kunnuwan ciki, na zura babban hijabina har ƙasa. Ba ta yi gardama ba, ta kwantar da kai a tsakanin kafaɗuna, zafin jikinta na ratsa ni. Maiwada ya gan ni ya ce, "La'ilaha illallahu, Malama!" Na ce, "Ja mu tafi, ba wa'azi na kira ka ba."

Allah bai ba ni haihuwa ba. Rabona da goyo tun Sharfu, lokacin da Inna ke tafiya gona ta bar min shi. Nauyin ma kusan ɗaya. Wannan tunanin ne ya raka ni har Balan.

Shingen na nan, gungume a kan duwatsu, matasa da gorori. A gefe an jefar da wasu karnuka biyu, ƙudaje na bi. Maiwada ya tsaya. Wani dogo ya leƙa kwandon gaba, ya dube ni.

"Baba, ina zuwa?"

"Asibiti."

"Yaro ne ba lafiya?"

"Kunne ne," na ce. Ban yi ƙarya ba.

Sai na ji ta motsa. Warin 'yan'uwanta ta ji, hancin nan ba abin da ke wuce shi. Ta fara wani ƙugi can ƙasa. Na shiga jijjiga ta ina bubbuga bayanta, ina "yi shiru, yi shiru, mun kusa," da ƙarfi don in rufe muryarta. Wata tsohuwa mai tallan ƙosai ta matso tana "Ayya, ayya, mu ga ɗan," ta miƙo hannu za ta ɗaga hijabin. Na ce, "Iya, kada ki taɓa, ana ɗauka!" Ta ja da baya da sauri. Dogon ya ce, "Ku buɗe musu. Allah ya ba shi lafiya." Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa.



Malam Kamilu na ganin na kwance goyo ya miƙe tsaye. "Wannan ai ta Sharfaddeen ce! Ina shi?" Na ce yana Kano. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya yi mata allura ta yi laushi, ya aske gashin cikin kunnen, ya zura wani ƙarfe mai fitila. Ya daɗe yana lalube da siririn hantsaki. Ni na riƙe kanta. Sai ga ta, ƙarangiya guda, ta yi baƙi, mugunya ta lulluɓe ta. Ya ce da an ƙara kwana kaɗan da ta huda dodon kunnen. Ya wanke, ya ɗiga magani, ya nuna min yadda zan riƙa ɗaga kunnen in goge da auduga, ya ce kada ta shiga ruwa sai ta warke.

Na ba shi labarin masu zuwa bayan Juma'a. Ya naɗe ƙarangiyar a auduga ya tura aljihu, ya tada babur ɗinsa ya biyo mu. A Balan shi ya yi magana, sun san shi.

Mun iso an sauko. Suna ƙofar gida. Malam Kamilu ya gaisa da mai unguwa, ya ce shi ya yi mata rigakafi, shi zai tsaya mata. A tsare ta a gida, zai riƙa zuwa yana dubawa, Ɗanasabe kuma ya je asibiti a duba hannun don kore shakka. Sannan ya buɗe audugar. Ɗanasabe ya karɓa ya juya ta a tafin hannu, ya ce, "Wannan 'yar abar?" Ya dubi karyar, ya dubi hannunsa. Ya ce, "Ni ma in aka ja min kunne da wannan a ciki, cizo zan yi." Ya saɓa gorarsa ya tafi, sauran suka bi shi.

Na kira Kano in ba shi albishir. Hidaya ta ce barci yake. Na sake kira, barci yake.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da safe

Ta ci. Ta cinye ta lashe kwanon ta bi kaji da ido. Kan ya fara miƙewa.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan Azahar

Hidaya ta ce gobe za su taho. Likita ya ce a kawo shi gida ya huta cikin 'yan'uwa. Na ce, "Alhamdu lillahi, ya samu sauƙi ke nan." Na share ɗakinsa, na wanke zanen gado, na yi wa Shagwaɓa taza har gashinta na sheƙi.

Ya samu sauƙi ke nan.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan Magariba

Tun motar ba ta shigo layi ba Shagwaɓa ta miƙe tana cizon igiya. Mutum huɗu suka shigo da shi a katifa. Ban gane fuskarsa ba sai da ya ce "Yaya."

Aka kwantar da shi a ɗaki, Kawu ya kira liman, aka fara karatu. Ita tana turke tana kuka kamar ranta zai fita. Sharfu ya ce a shigo da ita. Kawu ya sunkuya ya ce masa a hankali, "Ɗana, mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Yanzu kuwa su muke nema." Ba da faɗa ya faɗa ba, hawaye ne a gemunsa. Ni ma su nake nema masa.

Sharfu ya rufe ido. Muka zaci barci ne. Sai ya ce, "To ni ku fitar da ni."

Ba wanda ya motsa. Liman ya dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa. Sannan ya miƙe, tsoho da ciwon baya, ya kama kusurwar katifar da kansa. Aka fito da shi tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, inda ba rufi sai sama.

Na kwance ta. Na zaci za ta daka tsalle ta faɗa masa, na riƙe igiyar gam. Ba ta yi ba. Da jan ciki ta ƙarasa, ta tura kanta ƙarƙashin hannunsa ta yi lamo. Ya lalubi kunnen hagu, ya ɗaga, ya kai hanci ya shinshina.

"Ya bushe," ya ce. "Wa ya kai ta?"

Maiwada na tsaye a soro, ya ce, "A baya ta goya ta, har Gaya."

Sharfu ya dube ni. Ba shi da ƙarfin dariya, amma na ga ta zo masa. Ya ce, "Na same ta, Yaya."

Liman ya gyara zama a kan tabarma ya ci gaba da karatu a nan waje.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Maza sun tafi da shi maƙabarta. Na rufe ta a ɗakina don kada ta bi su.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Gida cike da mata. Hidaya ba ta magana. Ni ke zuba ruwa, ni ke amsa gaisuwa, bakina ya gaji da "mun gode."

Da yamma aka ce ana sallama da ni a soro. Ɗanasabe ne, hannunsa ɗaure da bandeji. Ya yi min gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya yi ta murza hularsa.

"Malama, na san ke ba mai son kare ba ce, dole ce ta sa. Ga makaranta, ga hidima. In kin yarda in ɗauke miki ita. Ban taɓa ganin hanci irin nata ba. Wallahi ba zan taɓa kunnenta ba, na yi alkawari. Kada ta lalace a turke, tunda yanzu ba ta da mai ita."

Gaskiya ya faɗa, zai riƙe ta da kyau, za ta yi farautar da aka halicce ta dominta. Kawu na gefe yana gyaɗa kai. Na juya, tana bayana kamar kullum, ta zauna a kan gefen zanena ta ɗago tana kallona.

Na ce, "Na gode, Sarkin Baka. Tana da mai ita."